Rawanin Bashar Kwantena

Duk wanda ya taɓa sayen kaya a kasuwar Murshid Bazaar da ke Dubai ya san Bashar Kwantena, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Sana'arsa ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a tura Kano, kuma gaskiya ɗaya ce, a wannan fagen ba shi da na biyu. Kwalin da Bashar ya naɗe da leda da salatif, ko daga saman bene aka jefo shi sai dai ƙasa ta ji ciwo. Bakinsa ne kawai har yau bai samu mai ɗaure masa ba. Ni Zailani shagona yana manne da nasa, don haka duk abin da zan faɗa kunnena ya riga ya sha wahalarsa.

Asalin ƙungiyarmu ta tuƙin kwalekwale, likita ne. Shi ya auna dattijonmu Alhaji Dikko, ya ce masa in bai fara motsa jiki ba, ciwon suga da hawan jini za su raba shi kamar gado. Alhaji Dikko kuwa ba ya shan wahala shi kaɗai. Sai ya tattara mu, 'yan Kano da 'yan Nijar, duk Lahadi mu cika mota mu nufi dam ɗin Hatta mu karɓi hayar jirage. Ruwan Hatta ruwa ne mai ladabi, inda ka bar shi nan za ka dawo ka same shi.

A can Bashar ya fara ba mu tarihin gidansu. Kakansa, in ji shi, shi ne Sarkin Ruwan Wudil, mutumin da kada ke kauce wa hanya. Shi kansa Bashar a cikin jirgi aka yanke masa cibiya. Abin da ya ɗaure mini kai, duk zuwan da muke yi ban taɓa ganin ya jiƙa filafili ba. Yana bakin dam a inuwa da kofin shayi, yana ɗaga murya yana gyara wa mutane riƙo. In aka ce ya shigo, sai ya ce ruwan ya yi masa kaɗan, kada ya tuƙa sau biyu ya tsinci kansa a Oman ba biza.

Wata rana Alhaji Dikko ya ce ƙungiya ta girma, ya kamata a naɗa mata Sarkin Ruwa. Bai rufe baki ba Bashar ya miƙe yana godiya. Sai Hamissou ya ɗaga hannu shi ma. Hamissou ɗan Yamai ne, yana aiki a wani ofishin jigilar kaya a unguwar Al Khabaisi, kuma na rantse ba sarautar ce ta dame shi ba, ganin ran Bashar ya ɓaci kawai yake so.

Bashar ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan hamada, me ya haɗa ka da ruwa?"

Hamissou ya ce, "Mon frère, kogin Kwara ta bayan gidanmu yake wucewa kafin ya iso ƙasarku. Ragowarmu kuke sha."

Alhaji Dikko ya raba gardama. Ya ce Lahadi mai zuwa ba Hatta za mu ba, khor za mu. Khor wani hannun teku ne da ya kutso cikin ƙasa kamar kogi, bishiyoyi sun tsiro a cikin ruwan gefe da gefe. Za a tashi daga wurin masu hayar jirage, a tuƙa har can ƙurya, inda akwai wani lambun shaƙatawa mai gadar katako. Iyalai za su jira a lambun. Wanda ya riga isa, a gabansu za a naɗa masa rawani.

Tun daga ranar Bashar bai sake zama ba. Da kansa ya sayo rawanin, fari tas, ya sa aka yanko masa ninkin abin da mutane ke naɗawa, wai kan gidan sarauta ba irin na kowa ba ne. Ya sa matarsa Hajiya Sabuwa ta dafa shinkafa da kaji na jama'a duka. Ya kuma ja mata kunne, da zarar ta hango hancin jirginsa ta kira Wudil ta bidiyo, domin Goggonsa da sauran dangi su ga gado ya dawo gida.

Ana gobe tafiya, da sassafe ya ja ni muka je duba ruwa. Ya tsinki ganye ya jefa, ganyen ya kama hanya tiryan-tiryan ya nufi cikin ƙasa, wajen lambun.

Ya ce, "Ka gani? Kogin ma can ya nufa, inda za a naɗa ni. Gobe ba tuƙi, zama kawai."

Na ce, "In ya canza shawara fa?"

"Kogi ba ɗan kasuwa ba ne, Zailani. Fuska ɗaya yake kallo tun ranar da Allah ya halicce shi."

Da yake jiragen na mutum biyu-biyu ne, kuma kowa ya riga ya zame, ni maƙwabci ni aka bar wa shi.

Ranar Lahadi da hantsi muka hallara. Mai kula da jiragen, wani ɗan Indiya siriri, ya yi ta nuna mana agogo yana haɗa Larabci da Turanci. Abin da yake nufi dai shi ne mu tashi yanzu, domin in rana ta take ruwan zai tafi.

Bashar ya ce, "Ya tafi ina? Bizarsa ce ta ƙare?"

Mutumin ya sake nuna teku da hannu yana cewa, "Yalla, habibi, yalla."

"Ku gaya masa a Wudil sai an yi watanni ba ruwan sama kafin kogi ya ja da baya, shi ma da sallama. Tsoratar da mu yake mu dawo masa da jirage da wuri."

Hamissou shi ma bai taɓa jin ruwan da ke fita yawo ba, amma ya ɗaura rigar ruwa mai hana nutsewa ya shiga jirgi. Ya ce, "Ni a ƙasar mutane, abin da aka ce shi nake yi. À tout à l'heure, Sarki."

Bashar ya ɗaga masa hannu. "Je ka, na ba ka rata. Kada a ce na ci zalinka."

Jirage suka tafi ɗaya bayan ɗaya, aka bar mu da lodi. Domin Bashar ya hana a kai abinci lambu a mota, ya ce sarki da gararsa yake isowa. Ya tsaya a kan kwalekwalen ya ƙare masa kallo yadda yake yi wa kwantena, ya ga sarari, sarari kuwa a wurinsa asara ce. Kulolin shinkafa suka shiga, na kaji suka bi, sai kwalin zoɓo, da tabarmi, da lasifika. A can sama ya ɗora kujerar roba da lema, karagar mulki ke nan. Sannan ya fito da ledarsa da salatif ya shiga zagayawa. Ya naɗe kayan da jirgin gaba ɗaya har suka zama abu guda. Wuƙa da almakashi da igiya duk suna ciki. Filafilinsa ma ya cusa a tsakiya ya naɗe, tunda ba tuƙi za a yi ba.

Sai rigimar rigar ruwa. Bashar ya ce jikan Sarkin Ruwa ba ya sa rigar yara. Ɗan Indiya ya ce in ba riga ba jirgi, halas. A ƙarshe ya sa ta daga ciki ya ɗora babbar riga a kai, ya fito murabba'i kamar kwalin firiji. Ya rataya rawanin a wuya cikin jakar leda. Aka ɗauki hoto ta gaba, aka ɗauka ta gefe. Muna shirin turawa wani kwastoma ya kira shi daga Kantin Kwari a kan dilar atamfa, suka yi ta ja har inuwar mutum ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa.

Da muka shiga, jirgin ya nutse saura kaɗan ruwa ya leƙo. Bashar ya haye karaga ya buɗe lema. Ruwan kuwa ya tsaya cik, ko ganye ba ya motsi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, motar ba ta tashi ba."

Ya ce, "Gaisuwa yake yi. Ba shi lokaci."

Da ya gama gaisuwar sai ya fara tafiya da mu, amma da baya. Muka wuce ɗan Indiya yana tsaye a bakin gaɓa, ya ɗaga mana hannu cikin tausayi.

"Zailani, ka juyar da mu."

"Ban taɓa komai ba."

"To juya hancin jirgin."

Na juya hancin. Yanzu muna kallon teku sosai, kuma can ɗin dai muka nufa. Na sake juyawa, muka ci gaba da tafiya da ƙeya. Bashar ya tsinko ganye daga wani reshe ya jefa, ganyen ya wuce mu a guje ya nufi Iran.

Ya ce, "Wannan ganyen ba irin na jiya ba ne."

Raina ya ɓaci, na duƙa na shiga tuƙi da filafili ɗaya, ina jan shinkafar mutum hamsin da sarki guda. Na bi gefe-gefe inda ruwan bai da ƙarfi. Gumi ya wanke ni, hannuwana suka yi kanta. Shi kuwa yana sama yana ba da umarni, dama, hagu, ƙara wuta. Da ƙyar da jiɓin goshi muka fara hango rufin lambun. Nan ne ya ga wata 'yar hanya ta ratsa cikin bishiyoyi.

Ya ce, "Yanke. Shiga nan mu ɓullo wa ɗan Nijar ta gaba."

"Ruwan wurin bai kai gwiwa ba."

"Idon gado ne ke gani, ba naka ba. Shiga."

Na shiga. Ina tuƙi ina jin filafili yana taɓa ƙasa. Saiwoyin bishiyoyi suka fara fitowa tsirara, ruwan yana zurarewa ta ƙarƙashinmu kamar an cire toshiyar baho. Muna fitowa fili, daidai gaban lambun, jirgin ya yi wani nishi ya zauna. Ko'ina ka duba taɓo ne baƙi mai sheƙi, da ƙananan ƙaguwa suna ta kai da kawo. Tsakaninmu da ƙarshen gadar katako bai fi jifa ba. A kan gadar kuwa ga jama'a cike, mata da yara da 'yan ƙungiya, har da Larabawa da Turawa masu yawon shan iska. Hamissou yana gaba, ya riga ya canza kaya har ya bushe.

Wayar Bashar ta yi ƙara. Hajiya Sabuwa ce, muna ganinta tana ganinmu.

"Baban Nuriyya, lafiya kuka tsaya a nan?"

"Hutawa muke. Ki ce a gyara sahu."

"Sahu ya gyaru tun ɗazu, yunwa ce ke neman rusa shi. Yara sun cinye dabinon Alhaji Dikko. Ina ruwan da za ka iso a kai?"

"Yanzun nan yake nan."

"To ga Goggo a ɗaya wayar, na kira ta kamar yadda ka ce. Tana tambaya wai gona ka saya a Dubai?"

Bashar ya kashe wayar. Hamissou ya haɗa tafin hannu a baki ya ƙwalo, "Sarki, doucement, kada ka yi gudu da yawa."

Wannan ce ta tunzura shi. Ya miƙe a kan karaga, ya gyara babbar riga, ya juyo gare ni. "Ka san abin da ya faru? Ruwa ya san jini. Hanya ya ba ni in taka da ƙafa. Kawo sandar nan."

Ya karɓe filafilina. Na ce masa ya zauna, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da darajar iyaye. Ya ɗaga ƙafa cikin takama ya sauke. Ƙafar ta tafi har gwiwa. Ya sauke ta biyun don ya ciro ta farkon, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ya dogara da filafili, filafilin ya shige ya kwanta can gefe inda hannu ba ya kaiwa. Ya yunƙura ya yi taku uku masu kyau, ya bar takalmi ɗaya a baya, a na huɗun ya nutse har ƙugu. Babbar rigar ta baje a kan taɓo ta kewaye shi, ya zama kamar an dasa shi. Ƙaguwa suka fara hawa aikin allurar suna dubawa.

A hankali ya ce, "Zailani, miƙo igiya."

"Tana cikin kaya."

"Yanka ledar."

"Wuƙar tana ciki."

"Yage da hannu mana."

Na gwada da farce, na gwada da haƙori, na gwada da makullin shago. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaurinka ne."

Ko a cikin wannan hali sai da ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ai kayan da na ɗaure har Apapa suke zuwa ba su yi tari ba."

A kan gada an rasa igiya. Wani ya kawo shawarar a haɗa ɗankwalaye, mata suka ce ba da nasu ba. Sai Hamissou ya hango jakar ledar da ke wuyan Bashar.

"Mon frère, jefo rawanin."

"Rawanin sarauta? Allah ya kiyaye."

"D'accord. Zauna nan, in ruwan ya dawo ku gaisa."

Bashar ya dubi teku, ya dubi taɓon da ya kai masa cibiya. Na ga idonsa ya kawo ruwa, har ya ba ni tausayi, domin mutumin nan da zuciya ɗaya yake son rawanin. Ya warware shi, ya lalubo takalmin da ya rage ya ɗaure a baki ɗaya, ya wulwula ya jefa. Da rawanin mutane ne da bai kai ko rabi ba. Nasa kuwa, albarkar girman kai, ya isa har ya yi saura. Alhaji Dikko ne ya cafe takalmin.

Dattijon ya ce, "Naɗa shi a hammata, ka ƙulle da kyau."

Haka Bashar ya naɗa wa kansa rawani a ƙirji a gaban shaidu. Alhaji Dikko a gaba, Hamissou a bayansa, 'yan ƙungiya suka jeru, har wani Bature mai gajeren wando ya kama. Aka ce yalla, aka ja. Taɓon ya ƙi saki. Aka sake ja. A na ukun aka ji wani sauti kamar an zare ƙafar saniya daga rijiya, Bashar ya fito ya kife a kan rigar ruwan da ya raina, ya taho a kan ciki sulululu har gindin gada. Wandonsa dai bai biyo shi ba, yana can har yau. Allah ya taimaka babbar rigar mai yalwa ce.

Ana ɗago shi, muryar Goggo ta fito daga wayar Sabuwa, tsohuwa ce mai magana da ƙarfi saboda ba ta ji sosai.

"Bashari ne wannan? Allah sarki, kamar kakansa. Shi ma marigayi bai taɓa yarda ya shiga jirgi ba, sai kogi ya ƙafe yake tsallakawa da ƙafa."

Gadar ta fashe da dariya. Alhaji Dikko ya yi dariya har sai da aka zaunar da shi aka ba shi ruwa. Da ya farfaɗo ya ce a miƙo rawani a naɗa wa Hamissou, tunda shi ya riga isa. Hamissou ya dubi tsumman baƙi yana ɗigar taɓo ya ce merci, hularsa ta ishe shi. Sai dattijon ya yanke hukunci: Hamissou ne Sarkin Ruwa, rawani kuma ya riga ya zaɓi mai shi, kowa ya ga naɗin. Daga ranar Bashar ya zama Sarkin Taɓon Dubai da kewaye.

Ni kuwa aka ce a jefo mini rawanin in biyo sahu, na ce na gode, ina son wandona. Ɗan Indiya ya aiko ta waya cewa in zauna, ruwan zai dawo. Hajiya Sabuwa ta ce ita ma ba inda za ta je sai da kulolinta, saboda haka ba wanda ya tafi. Na haye karagar na buɗe lema. Na wuni a nan, ƙamshin kaji yana fitowa ta ƙarƙashina, hannu ba ya shiga. Ban taɓa tsanar gwanintar mutum irin ta ranar ba.

Dab da magariba na ji jirgin ya motsa. Ruwan ne ya dawo, shiru-shiru, ba ko neman afuwa. Ya ɗaga kwalekwalen, ya juya hancinsa, ya kama hanya da ni tiryan-tiryan zuwa lambu. Ba filafili a hannuna, ba abin da nake yi sai riƙon lema. Jama'ar da yunwa ta gama da su suka taso bakin gada, yara suna tsalle, mata suna guɗa, wayoyi duk sun ɗago. Hamissou har da sara mini.

Bashar yana gefe a zaune, an wanke shi da tiyon ban ruwan fulawa, an ɗaura masa zanen matarsa. Da ya ga yadda jirgin ya iso ya tsaya da kansa a bakin gada, sai ya miƙe, muryarsa ta dawo.

"Kun gani ko? Me na ce? Na ce ba tuƙi, zama kawai. Na ce ruwan nan da kansa zai kawo jirgin."

Hajiya Sabuwa tana yanka salatif da almakashin da ta aro, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Ya kawo kuwa, Baban Nuriyya. Dama jira yake ka sauka."